Kifi Ba Gishiri

Ranar Lahadi ce a ƙarshen watan Fabrairu, kuma tun safe sama ta kasa tsayawa kan magana ɗaya. Ta zubo ƙanƙara, ta fasa, ta koma yayyafi, ta bar titunan Bronx cikin wani caɓi mai launin toka. Cikin caɓin nan Souley ya turo kekensa na kai abinci tun daga Fordham, leda na reto a hannun keken. A cikin ledar akwai ɓarin kifin salmon guda, tsawonsa ya kai kamu, wanda mai kifin ya rantse masa da safen nan aka sauke shi.

Lifta ta sake mutuwa. Ya saɓa keken a kafaɗa ya hau da shi har benensu, yana haki yana tsaki.

Ba don marmari ya sayo kifin ba. Kwanakin baya jiri ya ɗebi mahaifinsa, Malam Alhassan, yana tsaka da tuƙa tasi, bakinsa ya karkace, Allah ya taimaka a tsaye yake a danja. Souley ne ya yi tafinta a asibiti, don haka da kunnensa ya ji abin da likitar ta faɗa. Ta ce wannan gargaɗi ne kawai, na biyun ba ya sallama kafin ya shigo. Ta ce a janye gishiri, a janye dunƙulen magi, a daina suya. Idan ana son nama, a gasa kifi a obin, wato tandun da ke jikin murhu.

Mahaifiyarsa, Zalia, ta gwada. Ta yi miyar kuka lami, Malam Alhassan ya kai loma ɗaya ya ture kwanon ya ce ko a gidan yari ana sa wa mutane gishiri. Da ta ga mijinta na ramewa, sai hannunta ya fara komawa gidansa na da, yau ɗan kaɗan, gobe ɗan ƙari. Kullum da safe Souley yana ɗaura wa uban na'urar awon jini a dantse, kullum lambar tana can sama kamar an kafe ta da ƙusa.

Ranar Alhamis ya kasa haƙuri ya ɗaga murya a kan abinci. Uban ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

"To, likita. Dafa mana naka ran Lahadi mu gani. In ya ciwu, na bi ka, abin da ka ce shi zan ci. In bai ciwu ba, ka fita daga harkar cikina. Amma dai ka gama shi. Kar ka baro mana shi a rabi yadda ka baro makaranta."

Maganar ta soke shi, don akwai gaskiya a ciki. Ya bar makaranta saura kaɗan ya gama, ya bar wankin mota, ya bar shagon waya na Harlem. Amma alkawari ne uban ya yi a gaban iyali, kuma Malam Alhassan, duk taurin kansa, ba ya cin alkawari. Dama ɗaya ce, Souley ya san ba za a ba shi ta biyu ba.

Da ya shiga kicin ya tarar Zalia ta riga ta ajiye kujerarta a bakin ƙofa, ta harɗe hannuwa. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma cika yi masa magana kai tsaye ba. Ƙanwarsa Firdaoussi ce wayar da ke tsakaninsu. Tana jingine da firji tana latsa wayarta, tana jin Hausa sarai, amma amsarta rabi da Turanci take fita.

Ya buɗe obin. Tun da suka tare a gidan nan ba a taɓa kunna shi ba, domin a wurin Zalia kabad ne mai ƙofar ƙarfe. Ya fara fito da kaya: babbar tukunyar suna, madambaci, kwanonin samira an jera ƙarami cikin babba, kuloli, kaskon da ba shi da mariƙi, wani tire mai hoton Ka'aba da aka yi shekaru ana nema. Ya yi ta jigila yana jibge su a falo.

Malam Alhassan na kwance a doguwar kujera, ya ɗago kai. "Tashi za mu yi daga gidan?"

"Girki zan yi, Baba."

"Au. Na ɗauka mai gida ne ya kore mu."

Souley ya koma kicin. Ya leƙa cikin obin ya tabbatar babu ko cokali, ya goge shi da tsumma. Sannan ya shimfiɗa kifin a tire.

Zalia ta miƙo wuya. "Firdaoussi, tambayi yayanki, wannan kifin ciwo ya ji ya yi ja haka?"

"Haka Allah ya halicce shi, Inna," in ji Souley.

"Tambaye shi ina kansa. Kifin da ba a ga idonsa ba, ta yaya ake sanin lafiyarsa?"

Ya jingina wayarsa da kwalbar man zaitun, ya sake kunna bidiyon da ya kalla har ya haddace: wata mata a wani kicin fari fat mai faɗin masallaci, tana murmushi tana matsa lemo. Ya daka tafarnuwa da citta da masoro, ya matse lemon tsami, ya ɗiga man zaitun cokali ɗaya, ya shafe kifin da hannunsa. Ƙamshin ya tashi, har zuciyarsa ta ɗan yi sanyi.

"Tambaye shi ina gishirin."

"Babu gishiri, Inna. Ai maganar ke nan."

"Ko ɗan na albarka?"

"Ko shi."

Ya juya zai wanke hannu, sai ya ji ƙaramin motsin takarda a bayansa. Ya waiwaya. Zalia ta miƙe, hannunta na saman tiren, tana murmushe dunƙulen magi tsakanin yatsu.

"Inna!"

"Rabi ne fa," ta ce wa Firdaoussi. "Faɗa masa rabi ne. So yake ubansa ya ci ko so yake ya kalla?"

Souley ya tsince garin ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, haƙoransa a cije. Ya naɗe kifin da foyil, takardar gashi mai ƙyalli, ya toshe kowane gefe, kamar mai tsoron a sake yi masa kutse. Zalia ta kaɗa kai, ta ce la'asar ta yi, ta wuce ɗaki.

Ya murɗa makunnin obin. Shiru. Ya sake murɗawa, wani abu ya yi ƙas ƙas, sannan daga can ƙasa ya ji wuta ta kama, bum. Ya zura tiren ya rufe ƙofa, ya jingina da bango. A karon farko tun ranar asibiti ya ji kamar akwai abin da ke hannunsa.

Ba a jima ba wani ƙamshi ya fara zagaya gidan, mai nauyi, wanda ba na lemo ba ne.

"Kai!" Muryar Malam Alhassan ce daga falo, da fara'a a cikinta. "Ashe kifin Turawan nan ƙamshin daddawa yake yi? Kamar ina tsakar gidanmu a Maraɗi!"

Souley ya shaƙa. Daddawa ce kuwa. Bai sa daddawa ba. Kafin ya gama mamaki ƙamshin ya juya ya zama na gasasshen nama da ƙuli-ƙuli, daga nan kuma ya rikiɗe ya zama wani ɗoyi mai shaƙe maƙogwaro, irin na roba a wuta. Na'urar hayaƙi da ke silin ta ɓarke da ihu.

Ya fizge ƙofar obin. Kifin na nan lafiya cikin naɗinsa. Hayaƙin ba daga nan yake fitowa ba, daga ƙasa yake tuɗaɗowa, baƙi ƙirin, ta gefen durowar da ke gindin murhun.

Firdaoussi ta daka tsalle tana ihu da Turanci, sannan ta tattaro Hausarta. "Yaya, wutar a can take! A durowa! Irin tsohon murhun nan a ƙasa wutarsa take!"

Durowar ƙasa. Sau dubu ya ga Inna ta sunkuya ta ciro muciya daga cikinta, ta mayar. Durowa ce kawai, kowa a gidan haka ya san ta. Matar bidiyo ba ta ce komai a kan durowa ba, don nata obin na lantarki ne.

Ya kashe gas, ya sa ƙafa ya jawo durowar. Harshen wuta ya yi tsalle ya lashi gwiwar wandonsa. Ya tsoma tawul a ruwa ya danna a kai, ya ƙara wani, hayaƙi ya turnuƙe kicin ɗin har ba ya ganin hannunsa. Ya ruga taga, ya tarar da aikin ubansa: tun shigowar sanyi Malam Alhassan ya lulluɓe kowace taga da leda mai kauri ya bi gefunanta da salatif, don kada iska ta shigo. Souley ya sa farce ya kasa, ya ɗauki wuƙar kifi ya farke ledar daga sama har ƙasa, ya ɗaga tagar. Iskar Fabrairu ta faɗo cikin gidan da yayyafinta.

"Ledata!" in ji Malam Alhassan, yana tari, bargo a ka.

Na'urar ba ta daina ihu ba. A cikin ɗaki kuwa ana jin muryar Zalia tana kabbara, ba ta yanke sallarta ba, sai dai raka'o'in sun ƙara sauri.

Aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Hajiya Nimatu ce, maƙwabciyarsu mutuniyar Kumasi, da ɗankwali a hannu da silifa ƙafa ɗaya.

"Wa ke so ya ƙona mu? Souley, kai ne? Me ka kunna?"

"Obin, Hajiya."

"Obin!" Ta dafe ƙirji. "Ana kunna shi ne? Wa ya aike ka?"

Ta karɓi tsintsiya ta hau kujera ta dinga dukan na'urar har batirin ya faɗo. Ihun ya tsaya. Sai Zalia ta fito, hijabinta bai ko cire ba, carbi a hannu. Ba ta dubi kowa ba. Ta durƙusa a gaban durowar ta ɗage jiƙaƙƙen tawul ɗin.

Muciya ta fara cirowa. Uwarta ce ta sa mata ita a akwati ranar da za ta baro Maraɗi, itacen ya yi santsi ya yi duhu saboda shekarun tuƙin tuwo. Yanzu rabinta gawayi ne, tana ɗagawa kan ya karye ya faɗi. Ta ajiye guntun a cinyarta. Ludayen duma sun tsage sun naɗe. Fayafayen kuwa sai zoben toka. A can ciki akwai wata roba mai murfi da ta narke ta manne da ƙarfen, baƙin abu na tafasa a cikinta.

Souley ya san robar. Daddawar ƙarshe ce da kakarsa ta yi da hannunta kafin ta rasu. Wani ɗan kasuwa ya kawo ta, Zalia ta ɓoye ta a nan saboda ɓeraye da kuma maƙwabtan da ke ƙorafin wari. Ba ta taɓa ta sai ranar Sallah, shi ma ɗan mitsitsi a bakin cokali.

Ta kai yatsa za ta taɓa, zafi ya hana ta. Ta tsaya tana kallo kawai.

Hajiya Nimatu, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce "Wayyo, ƴar'uwa," ta dafa kafaɗar Zalia.

Saura abu ɗaya a kusurwar durowar: wani ƙunshi a takardar siminti, ya ƙone ta gefe, mai na tsatsafowa daga cikinsa. Firdaoussi ce ta ɗago shi da cokali mai yatsu. Takardar ta buɗe. Kilishi ne, fallaye da yawa, ja wur da yaji, kuma da gani an daɗe ana yagar gefensa.

Babu wanda ya ce nasa ne. Malam Alhassan, da ke tsaye a bakin ƙofa cikin bargo, ya ɗaga kai ya duƙufa nazarin silin.

Jini ya hau kan Souley. Ga dalilin da lambar nan ta ƙi sauka. Duk asubancin da yake yi yana ɗaura na'ura, duk faɗan da yake yi a kan rabin dunƙule, ashe gishirin na nan kwance a gindin murhu. Kuma Inna na buɗe durowar nan kullum. Ta sani. Maganar ta taho masa har bakin leɓe, da zafinta, ya juya zai sauke ta a kan su biyun.

Sai ya ga guntun muciyar a cinyar uwarsa, da yadda babban yatsanta ke shafa wurin da bai ƙone ba.

"Firdaoussi," in ji Zalia a hankali, "faɗa wa yayanki ya matsa, ya tare mini haske."

Ya matsa.

Ya tuna da kifin. Ya ciro tiren ya buɗe foyil ɗin da sauri. Hayaƙin bai shige shi ba, ƙamshin lemo da tafarnuwa ne ya taso. Gefunan sun nuna, tsakiyar kuwa da saura. Kaɗan ya rage. Amma ba dama a sake kunna wannan obin da narkakkiyar roba a gindinsa.

"Hajiya, don Allah ki ara mini naki. Yanzun nan zan gama."

Hajiya Nimatu ta dube shi kamar ya ce ta ara masa haƙoranta. "Nawa? Ɗana, tukwanen bikin yarona Latif duka suna ciki, da dutsen guga, da garin rogo. Kuma bayan abin da idona ya gani yau? Je ka nemi wani ya ba ka gidansa ka ƙona." Ta gyara silifarta ta fita tana salati.

To, a tukunya ma za a iya. Ɗan ruwa kaɗan, a rufe, tururi ya ƙarasa shi. Ya juya zai ɗauko tukunya daga tulin da ke falo. Da ya dawo ya tarar Zalia ta miƙe, ta cire hijabi, ta wanke hannu. Tana tsaye a kan tiren da wuƙa, ta tsaga tsakiyar kifin tana dubawa.

"Ɗanye ne," ta ce wa bango.

"Inna, tururi kawai zan..."

Ta ɗora kasko a wuta. Ta ɗauko galan ɗin man gyaɗa ta tuttula, ba ta auna ba. Ta yanka kifin gunduwa-gunduwa, ta barbaɗa gishiri da tafin hannu, ta murmushe dunƙule biyu a kai. Ba ta yi da fushi ba, ba ta kuma yi da sauri ba. Idanunta sun yi ja, wataƙila hayaƙi ne.

Souley na tsaye da tukunya a hannu. Kalma ɗaya ce, a'a, kuma ɗazu da rana ya faɗe ta da ƙarfinsa a kan rabin dunƙule. Yanzu ya neme ta ya rasa. Wanda ya ƙona wa mace abin da uwarta ta bar mata ba shi da bakin hana ta gishiri a kicin ɗinta. Gunduwar farko ta faɗa cikin mai ta yi ƙara, ya ajiye tukunyar a ƙasa.

Bayan magariba suka zauna cin abinci a falo, tsakanin tukwane da kuloli, kowa da rigar sanyi saboda tagar da aka bari a buɗe. Shinkafa aka dafa, tunda babu abin tuƙa tuwo. Kifin ya soyu ya yi ƙayau, ja ya koma ruwan ƙasa. Malam Alhassan ya gutsura, ya tauna, ya lumshe ido. Ya ƙara. Ya jawo kwanon gabansa.

"Wallahi yaron nan ya iya zaɓen kifi. Babu ƙaya ko ɗaya." Ya nuna Souley da yatsa mai maiƙo. "Alkawari kaya ne. Na ce in ya ciwu zan bi ka. To ga shi ya ciwu. Daga yau kowace Lahadi irin wannan za a yi mana."

"Baba, ba wannan ba ne nawa."

"Kai ka sayo shi ko ba kai ba?"

"Ni ne."

"Kai ka sa masa lemon nan da nake ji?"

"Ni ne, amma..."

"To, kifinka ne. Miƙo mini yaji."

Firdaoussi ta sunkuyar da kai cikin kwanonta. Zalia ba ta ci ba, tana ta juya shinkafa da cokali. Souley ya dubi robar yajin, ya dubi gefen bakin ubansa da har yanzu bai gama komawa daidai ba. Ya miƙa masa.

Da aka watse ya zare durowar gaba ɗaya daga jikin murhun, ya sauka da ita bene zuwa wurin shara a bayan gida. Yayyafin bai tsaya ba. Ya daɗe yana kankare robar da bakin cokali, ta ƙi fita, ya kife durowar ya bar ta a nan.

Abin da aka rasa ranar ba shi da yawa: muciya ɗaya, ludayi uku, faifai biyu, robar daddawa ɗaya, ƙunshin kilishi, tawul biyu, ledar taga, gwiwar wando, da durowar murhu. Kifin kuwa an cinye shi tas, har fatar.